Gona Mai Shinge Biyu

Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi cida, mu kwashe shanya a guje, sai iska ta taso ta watsa shi ko ɗigo bai sauka ba. Cikin wannan zafin ne jikana Nura ya zo ya durƙusa a gabana da wata shawara, wai a rushe tsohon rumbun da ke jikin katangarmu, a fasa ƙofa ta waje, ya buɗe shagon cajin waya. Ya ce ai ba abin da ke ciki sai ƙadangaru. Bai yi ƙarya ba. Amma na ce ya tashi ya ba ni wuri, ya tashi yana ƙunƙuni, a ganinsa rigimar tsufa ce ta motsa. Irin wannan hadarin da ba ya zuba na san shi, kuma shi da rumbun nan labarinsu ɗaya ne.

Shekarar da ake bin layin sabulu da madara, zamanin soja, aka sallami maigidana daga aiki. Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa. Akawu ne a wani ofishin gwamnati, mutum mai son guga, wanda ko buta zai ɗauka sai ya naɗe hannun riga a tsanake. Gidanmu nan ne a Ƙofar Gayan, cikin ganuwa, kuma masu ci a cikinsa ba kaɗan ba ne: mahaifiyarsa Inna, da yaranmu 'yan makaranta, da ni, da 'yarmu Safiya da ke goye tana shan nono. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, hatsi ya yi tsadar da sai ka je kasuwa ka dawo da kwanonka yadda ka tafi da shi. Muka cinye abin da aka sallame shi da shi, muka cinye kekensa, muka cinye rediyo. Rumbun kuwa na mahaifinsa ne, malami ne da ake kawo wa zakkar hatsi daga ƙauyuka, tun da ya rasu ba a sake zuba komai a ciki ba. Kaf zuriyarsu ba wanda ya taɓa riƙe fartanya.

Da bazara ta yi sai maganar noma ta shigo unguwa. Maza irin Malam, waɗanda aiki ya kuɓuce musu ko sana'a ta tsaya, suka ji labarin akwai daji kudu da gari, can bayan ƙauyuka, inda mai unguwa ke ba da fili ga duk wanda zai sare. Jagoransu Isiyaku tela, maƙwabcinmu, ƙato mai zafin kai, wanda ni dai ban taɓa ganin allura ta dace da hannunsa ba. Malam ya bi su. Ni ma dole na bi, don mutum ba zai yi noma ya yi girki ba, Inna kuma ta riƙe 'yan makaranta. Ni da ban taɓa wuce Tudun Wada ba, sai ga ni a bayan a-kori-kura da tukwane da tabarmi, Safiya a cinya, ina waiwayen ganuwa har ta ɓace.

Abin da na fara gani a wurin ba daji ba ne, waya ce. Waya mai ƙaya, layi bisa layi a jikin turakun ƙarfe, ta miƙe har inda ido ya gaza. Aka ce gandun shanu ne na wani babban mutum da ya ajiye aiki, yana zaune a wani gari mai nisa. Ba wanda ya taɓa ganinsa, ko sunansa ba a faɗa, Mai Waya kawai mutanen ƙauye ke cewa, su ma sai sun rage murya. A cikin gandun ya yi wa shanunsa dam. Mu kuma aka ba mu tsakanin wayar da rafi, muka kafa bukkoki. Mutanen ƙauyen suka raɗa wa wurin Tungar 'Yan Birni, kuma ba don yabo ba.

Kowa ya kama sassabe, ana fama da ƙaya da kututture. Malam dai ya zagaya da takalminsa na ofis, ya dawo fuska a sake, ya ce ya samo gonar da ba ta buƙatar sara. Na bi shi na gani. Fili ne dogo, siriri, ya taso daga gindin waya ya gangara har bakin rafi, ba itace ko ɗaya a ciki sai ciyawa, ƙasar baƙa ce mai laushi kamar an tankaɗe ta. Abin da ya fi burge mu, hagu da dama an dasa masa aguwa, itacen nan mai farin ruwa da dabba ba ta ci, ta yi shinge biyu a jere. Muka ce lallai wani mai ƙwazo ne ya gyara gonarsa ya shinge ta, sannan ya mutu ko ya yi ƙaura. Har addu'a na yi wa mutumin. Da Malam ya nuna wa mai unguwa wurin, tsohon ya dubi ƙasa, ya dubi waya, ya ce ƙasa ta Allah ce. Mu kuma muka ɗauka izini ne.

Ruwan shuka ya sauka wata yamma, ƙamshin ƙasa ya cika bukka har na ji kamar in ɗiba in ci. Da gari ya waye Malam ya shiga gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da ƙafa, Safiya tana barci a baya. Dawa muka shuka tun daga waya har rafi. Da aka zo noma sai aka koma gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, domin ba wanda zai iya shi kaɗai. Abin dariya ne ka ga masinja da tela da akawu sun jeru da fartanya, kowa na nome shukar yana barin ciyawa. Tafin hannun Malam ya kumbura, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Da marka ta kama, guzurin da muka zo da shi ya ƙare. Sai a kwana a wuni ana zuba ruwa, itace ya jiƙe, bukka tana yoyo ta ko'ina. Mu mata mu fita mu tsinko tafasa da rama, a dafa, a yayyafa ɗan ƙuli in akwai, shi ne na rana, wata rana shi ne na dare. Na san yunwa a lokacin, irin wadda in ka miƙe tsaye sai ka dafa wani abu. Nonona ya ragu, Safiya ta koyi tsotsa tana kuka.

Amma dawar! Ta kowa tana gwiwa, tamu tana ƙugu. Kauri gare ta kamar rake, ganyen har baƙi-baƙi yake yi don kore. In yunwa ta ishe ni sai in je in tsaya a bakinta in yi ta kallo, in ji sauƙi. Mutanen ƙauye ma sukan tsaya a jikin aguwa in za su wuce kasuwa, su daɗe suna dubawa, sai su ce Allah ya sa a ci, su wuce. Ba wanda ya taɓa cewa gona ta yi kyau. Malam ya ce hassada ce. Da ya leƙa gida ya ba Inna labari, sai tsohuwa ta sa aka yaɓe rumbun nan ciki da waje, aka yi masa sabon jinka, ta aiko cewa ita dai ta gama nata.

Akwai wata Bafulatana mai tallan nono, Hansatu, da ke biyowa ta tungarmu. Mijinta Buba shi ne babban makiyayin gandun. Da suna da garkensu, annobar shanu ta share shi, shi ya sa yake kiwon na wani. Ba na iya sayen nononta, amma takan sauke ƙwarya a inuwar bukkata ta huta, in za ta tashi ta zuba wa Safiya ɗan ludayi, ta ce na 'yarta ne. Ta daɗe tana zuwa ba ta taɓa tayar da maganar gonarmu ba, kunya irin tasu. Ranar da dawa ta fara ciki ne ta dube ta, ta dube ni.

"Hajara, wa ya ba mijinki wurin nan?"

Na ce mai unguwa.

"Wannan ba gona ba ce. Burtali ne."

Ban ma san kalmar ba, sai da ta yi mini bayani. Hanyar shanu ce zuwa mashaya, tun kaka da kakanni. Aguwar da muke murna da ita ba don ta hana dabba shiga aka dasa ta ba, don ta hana ta fita ne ta faɗa gonakin mutane. Baƙar ƙasar kuwa kashin shanu ne na shekara da shekaru. Tun da aka ja waya aka yi dam ne kofato ya daina bi, ciyawa ta rufe. Ta ce in ruwan dam ya kai su har a yi girbi, ba komai. Na ce in bai kai ba fa? Sai ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka.

Da na gaya wa Malam ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi. Lokacin sake shuka ya wuce tuntuni. Daga ranar muka zama masu kallon sama, ni da shi.

Dama can zaman ba daɗi. Wayar ba a tsaye take wuri ɗaya ba, sai a wayi gari a ga sababbin turaku sun matso, sun haɗiye gefen gonar wani. Manajan gandun, wani siriri mai baƙin tabarau, yakan zo a mota ya tsaya ba ya kashe inji, ya ce duk ƙasar nan har rafi ta maigidansa ce, zamanmu alfarma ne. Isiyaku ya datse waya da almakashin ƙarfe. Aka sake ɗaure ta. Aka tsinci wata saniya a bakin shinge an sare mata agara, ba wanda ya ce shi ne. Juma'ar da ta biyo, maza sun tafi masallaci a ƙauye, mu mata muna rafi, sai muka hango hayaƙi. Bukkar Isiyaku ce, ta cinye ƙurmus har da keken ɗinkinsa. Nan ma ba wanda ya ce shi ne. Daga nan gaisuwa ta mutu tsakanin tunga da gandu. Masu gadin gandun suka fara yawo da bindiga a kafaɗa, yara suka daina nisa, ko kare ya yi haushi sai kowa ya miƙe.

Sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, kamar dai na bana. Zafi ya sauko, irin mai nauyin nan da ba iska, ƙasa ta fara tsagewa. Gonakin tudu suka yi yaushi, tamu kuwa da yake tana da danshi ta fitar da kai, zangarniya manya-manya. In ka matse ƙwayar farin ruwa ne ke fitowa kamar madara. Kaɗan ya rage ta ƙosa, abin da bai fi a ga sabon wata ba. Amma ta can cikin waya kukan shanu ya canza. Wuni suke yi suna kuka, doguwar murya mai dusashewa, ungulaye suna shawagi a saman inda dam yake. In iska ta juyo sai ta kawo warin taɓo da mushe. Ina daka ina jin su, ina salla ina jin su.

Manaja ya zo wata Laraba, ya ce jibi da safe za a buɗe waya, shanu za su sauka rafi ta hanyarsu ta asali. Malam ya sa rigarsa mai guga ya roƙe shi da Hausa, ya roƙe shi da Turanci, ya ce a ƙara masa kwanaki kaɗan. Mutumin ya ce shanu ba su san kwanaki ba, ya ja motarsa.

Da la'asar maza suka taru a gindin tsamiya. Isiyaku ya ce in aka bari aka taka gonar Malam, gobe ta kowa ce, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai ga bindigogin toka sun fito daga inda ban san an ɓoye su ba, da kwari da baka da aka aro a ƙauye. Shawarar ita ce su shige cikin dawarmu, tunda ta fi mutum tsawo, su kwanta a bakin waya, duk abin da ya fara shigowa, mutum ko dabba, a buɗe masa wuta. Kafin magariba Hansatu ta zo, ba ƙwarya a kanta. Ba ta zauna ba. Ta ce Buba ne zai shige gaba da sanda, haka aka umarce shi, masu gadi kuma suna baya da bindiga. Ta shafa kan Safiya ta juya.

Washegari bayan sallar asuba na ji Malam yana wasa adda. Na ɗauka shirin faɗa yake yi, har na ji wani abu kamar alfahari. Sai na ga ya nufi bakin waya, ya kama karan farko ya sare shi daga gindi.

Na bi shi da gudu, ɗankwali a hannu. Na riƙe masa riga.

"Malam, ka haukace ne? Me za mu ci? Me zan ba yarinyar nan?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "In tana tsaye za su kwanta a cikinta. Ba za a kashe mutum a cikin dawata ba, Hajara."

"Ai ba kai za ka kashe ba!"

"Ni na shuka ta a kan hanya."

Ya zare rigarsa daga hannuna ya ci gaba. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa wani ba, kuma a lokacin har zuciyata nake faɗa. Isiyaku ya zo ya zage shi tas, ya kira shi matsoraci, ɗan koren Mai Waya, ya tofa yawu ya tafi. Sauran suka tsaya cirko-cirko da bindigoginsu, ba wurin ɓuya, ba kuma abin karewa, tunda mai gona da kansa yake kayar da ita. Wuni ya yi yana sara a cikin ranar nan. Ina zaune a ƙofar bukka ina jin faɗuwar kowane kara. Da azahar na kai masa ruwa na ajiye daga nesa, na koma. Da rana ta faɗi ya iso bakin rafi, ƙotar addar duk jini, daga tsaye sai ya zube a kan gwiwa.

Ranar Juma'a da hantsi aka buɗe waya. Ƙasa ce ta fara rawa kafin mu gan su. Buba yana gaba, dogo, sanda a kafaɗa, idonsa a ƙasa. Bayansa shanu ne sun cika burtali daga aguwa zuwa aguwa, haƙarƙari a waje, harshe a zazzage. Da suka ji ƙamshin ruwa ko dawar da ke kwance ba su tsaya ci ba, tattake ta suka yi suka wuce. Masu gadi suka biyo baya suna waige-waige, ba su sami wanda za su harba ba. Ba a zubar da jinin kowa ba ranar. Da ƙura ta lafa, ƙasar ta koma baƙa mai laushi, yadda muka same ta.

Zangarniyar da na tsince na shanya, ta bushe ta zama ƙaiƙayi. Muka dawo birni da tukwanenmu da tabarminmu. Mun tarar da Inna ta share gindin rumbu, ta jingina tsani. Ta dubi hannunmu, ta dubi bayanmu ko akwai masu ɗauko kaya. Malam ya durƙusa ya gaya mata komai. Ta tambaye shi ko an kashe wani, ya ce a'a. Ta ce to, ta sa yara su ɗauke tsanin. Ita ta ce to. Ni ban ce ba.

Ba zan ja labarin ranin nan ba. Mun ci dusa, mun ci abin da maƙwabta suka rufa mana asiri da shi, Malam ya koma rubuta wa mutane takarda a bakin kotu. Nonona ya ƙafe ƙaf, dole aka yaye Safiya ba lokacinta ba, da kunun da ruwa ya fi gari yawa. Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama yara da yawa, suka tashi. Safiya ba ta da jikin da za ta tashi da shi. Ajali ne, na sani, ba na jayayya da Ubangiji. Amma na daɗe ina lissafin da bai kamata mai imani ya yi ba, in ɗora Buba da Isiyaku da masu gadi a hannu ɗaya, in ɗora 'yata a ɗayan.

Tungar ba ta ƙara damina biyu ba, waya ta haɗiye ta har rafi, da burtalin da komai. An ce yanzu gandun ma kango ne, an sace turakun, shanun ba wanda ya san inda suka yi. Isiyaku har ya mutu ba ya amsa sallamar Malam. Malam bai sake noma ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Mun yi shekaru masu yawa bayan nan, mun aurar da yara, mun je Makka, mun yi dariya ma. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi ruwa a cokali, ya ce in yafe masa. Na ce na yafe masa duniya da lahira, kamar yadda kowace mace ke cewa. Ya riƙe mini hannu.

"Har da dawar?"

Ashe duk shekarun nan shi ma lissafin yake yi. Ya ƙara riƙe hannuna. Na ce har da ita. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne, ni ma a ranar na yi wa Safiya kukan da ban yi a gabansa ba tun da aka ɗauke ta.

Yaɓen da Inna ta sa aka yi yana nan a cikin rumbun, sumul, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa goge shi ba. Nura ya sake aiko uwarsa jiya ta lallashe ni. Na ce mata in na mutu su rushe, ranar ma in sun so. Yanzu dai a bar mini shi a tsaye.